Wane Irin Tsoro Muke Gadar Wa Yaranmu?

 

Kwanan nan mu da muka haura talatin mun shiga yayin tuna baya. Wannan ya ɗora hoton bangon Magana Jari Ce, wancan ya tono guntun tsohon wasan NTA Kaduna na su marigayi Ƙasimu Yero, wata kuma ta ce ita har gobe ba ta manta daren da ta kalli Nneka the Pretty Serpent ba, fitsari ya matse ta amma ta kasa leƙa tsakar gida. Ana ta dariya, ana ta "Allah sarki, da". To a cikin wannan yayin ne tambaya ɗaya ta yi ta zuwa mini ta saƙo, lafazi daban-daban: Malam, labaran aljanu da dodanni da abubuwan al'ajabi da muka taso da su, ya halatta mu miƙa wa 'ya'yanmu? Ba ƙarya ba ce? Ba sa taɓa aƙida?

Bari in fara da maganar ƙarya, don ita ce mai sauƙi. Ƙarya ita ce ka faɗi abu saɓanin yadda yake, kana son mai jinka ya ɗauka haka ɗin ne. Kakarka da take ba ka tatsuniya ba ta taɓa son ka ɗauka Gizo ya yi magana da gaske ba. Ta buɗe da "ga ta nan ga ta nanku", kun amsa "ta zo mu ji ta". Da ta gama ta ce "ƙurunƙus", ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Tsohuwar da ba ta san sunan littafin fiƙihu ko ɗaya ba ta yi wa labarinta ƙofar shiga da ta fita, yaro ya san inda wasa ya fara da inda ya ƙare. Malamanmu na zaure kuwa sun daɗe suna karantar da Muƙamatul Hariri, muƙama hamsin, alhali kowa ya san Abu Zaidin Saruji da Harisu ɗan Hammam ƙirƙirarsu aka yi. Shi kansa Hariri a gabatarwarsa ya kare kansa da cewa aikinsa ɗan'uwan labaran da ake sawa a bakin dabbobi ne. Haka Kalila wa Dimna ta Ibnul Muƙaffa. Na san akwai malamai masu hanawa, suna kafa hujja da hadisin da ya yi narko a kan mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya, kuma ina ganin girmansu. Amma abin da ya fi kwanta mini shi ne hadisin yana magana ne kan wanda ke shigar da ƙaryarsa a rigar gaskiya.

Abin da ya fi damuna daban ne, kuma ba kasafai ake tambayarsa ba. Idan an rufe littafin ko an kashe talabijin, me yaron ya fito da shi a hannu?

Lokacin da nake karatu a Alƙahira, akwai kasuwar tsofaffin littattafai da ake kira Surul Azbakiyya, kusa da Ataba. Mu ɗalibai baƙi mukan je neman littattafan nahawu da tafsiri masu araha. A nan na lura da wasu 'yan ƙananan littattafai, girman aljihu, takardarsu ta yi ja don tsufa, amma za ka ga magidanci da furfura ya durƙusa yana tonon su kamar mai neman zinare. Na tambaya, aka ce ai waɗannan su ne yarintar Misirawa. Na sayi kaɗan da niyyar gyara Larabcina na yau da kullum, kuma sun yi mini wannan amfanin, har da ƙari.

Kashi na farko shi ne Al-Mugamirunal Khamsa na Mahmud Salim, wanda Darul Ma'arif ta fara bugawa a 1968. Yara biyar ne a unguwar Ma'adi: Takhtakh mai ƙiba, gwanin ɓad da kama, da Muhib, da Nusa, da Aɗif, da 'yar autarsu Loza, sai karensu Zanjar. Na farko-farkon an gina su ne a kan labaran Enid Blyton ta Ingila, daga baya marubucin ya ci gaba da nasa. Tsarin kusan ɗaya ne kullum. Wani abu ya faru da ya ɗaure wa manya kai: bukka ta ƙone, ana ganin haske a gidan da ba kowa, wani ya ɓace. Yaran nan ba sa gudu, ba sa kuma yanke hukunci. Su duba sawun takalmi, su tambayi mai gadi ƙarfe nawa ya ji motsi, su rubuta sunayen waɗanda ake zargi, su riƙa soke suna ɗaya bayan ɗaya idan hujja ta wanke mai shi. Wannan soke sunan shi ya fi burge ni. Yaro ɗan shekara goma yana koyon cewa wanda ka tsana ba lallai shi ne ɓarawon ba.

Kashi na biyu ya fi duhu, kuma na matasa ne, ban yarda a ba ƙananan yara ba. Shi ne Ma Wara'aɗ Ɗabi'a na Dakta Ahmad Khalid Taufiƙ, likita kuma malamin jami'a a garin Ɗanɗa, wanda ya fara fitowa a 1993. Jarumin, Dakta Rif'at Isma'il, tsohon likitan cututtukan jini ne, ramamme, mai sanƙo, mai ciwon zuciya, ga shan taba ga baƙar magana. Ba shi da ƙarfi ko kaɗan, tsoro ma yana ji kamar kowa. Abin da yake da shi kawai shi ne ba ya yarda da labari sai ya juya shi gaba da baya. Wani lokaci a ƙarshe a gano damfara ce ko cuta, wani lokaci kuma abin ya fi ƙarfin bayaninsa, ya tsaya a nan bai ƙara gishiri ba. Marubucin ya rasu a watan Afrilun 2018, Allah Ya jiƙansa, matasa suka yi cincirindo a jana'izarsa. A 2020 Netflix ta mai da labaran wasan talabijin mai kashi shida. Ba ina cewa duk abin da ke ciki na sa masa hannu ba ne, akwai tatsuniyoyin Girkawa da na masu shan jini na Turai da ba su da wata alaƙa da abin da muka yi imani da shi. Ɗabi'ar jarumin nake nuna muku.

Mu nan gida yawancinmu ba mu san waɗannan ba, amma mun san Scooby-Doo, zanen Amurka da ya fara a 1969. A tsofaffin shirye-shiryensa kullum a ƙarshe sai an cire wa fatalwar abin rufe fuska, sai ga mutum, galibi wanda ke son ya kori jama'a daga wani wuri don akwai abin da yake ɓoyewa. Kuma tun kafin wannan muna da namu. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, akwai aljanu da tafiye-tafiyen al'ajabi, amma wurin da ya fi zama a raina shi ne inda Alhaji ya shiga garin jahilai ya mai da kansa malami. Malam Zurƙe ya zo zai tona masa asiri, sai Alhaji ya zana wani abu a ƙasa ya ce a faɗi ko mene ne. Zurƙe ya kira shi da sunan harafi, Alhaji ya ce jinjirin wata ne, jama'a suka duba suka ga ai kuwa da wata ya yi kama, suka yi wa mai ilmin ature. Muna yara dariya kawai muke yi. Yanzu da na ga yadda ake damfarar mutane da rawani da carbi, dariyar ta ragu. A Magana Jari Ce ma, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939, aikin aku shi ne ya riƙe Musa ɗan sarki da labari har gari ya waye, don kada ya fita cikin gaggawa ya faɗa tarkon waziri. Labari ne ke hana yaro garaje.

To akwai wani kashin kuma, shi ma mun taso da shi, shi ma ana kewarsa. Tun daga Living in Bondage na 1992 finafinan kudu suka buɗe wata ƙofa, wasu finafinanmu na Hausa suka bi. A cikinsu ba a bincike, don ba abin da za a bincika. Duk mai kuɗi yana da ɗakin da ba a shiga. Duk kyakkyawar da ka haɗu da ita da daddare, duba ƙafarta, kofato ne. Duk kishiya tana da boka, kuma aikin bokan ba ya kuskure, yau ya jefa gobe an haukace. Tsohuwar da ta rasa 'ya'ya, bakinta ba haƙora, ita ce mayyar unguwa. Ko da a ƙarshe an kawo malami ko fasto ya yi addu'a an ci nasara a minti biyar, an riga an shafe awa biyu ana koya wa yaro cewa duniya cike take da maƙiya na ɓoye kuma yawancinsu danginsa ne. Idan ana maganar taɓa aƙida, ni a nan nake ganinta. Ambaton aljani a labari bai dame ni ba, Alƙur'ani ya ambace su, sura guda ma da sunansu. Abin da ya dame ni shi ne a ba su, su da bokaye, ikon da Allah bai ba su ba.

Ku duba yadda Alƙur'ani da kansa ya yi da wannan. A Suratu Saba'i aya ta 14, Annabi Sulaiman (AS) ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suna ta aikin wahala a gabansa ba su sani ba, sai da gara ta ci sandar ya faɗi. Gara fa! Kuma ayar ta bayyana darasin a fili, cewa da sun san gaibu da ba su zauna cikin wannan wahalar ba. A Suratul Jinni aya ta 6 an ba da labarin mazajen da suke neman tsari da aljanu, abin bai ƙare su da komai ba sai ƙarin tsoro da ɓata. A Suratu Yusuf kuwa riga ce take ba da shaida. Matar Aziz ta yi zargi, Yusuf ya musa, babu wanda ya gani. Sai wani daga danginta ya ce a duba rigar, in ta gaba ta yage ita ce mai gaskiya, in ta baya ce shi ne. Malaman tafsiri sun ambaci cewa tun farko ma da 'yan'uwansa suka kawo rigarsa da jini, Annabi Yaƙub ya lura ba ta yage ba, wane irin kyarkeci ne zai ci yaro ya bar riga lafiya? Ibnul Ƙayyim a littafinsa Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya ya kafa hujja da irin waɗannan a kan cewa alƙali yana aiki da alamomi. Wato abin da su Takhtakh suke yi da sawun takalmi yana da asali a wurinmu tun kafin a haifi Enid Blyton.

Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu aka yi husufin rana. Mutane suka ce don mutuwarsa ne. Ku yi tunani, mahaifi ne a cikin jimami, kuma fassarar da ake yi girmama shi ce. Da ya yi shiru ba wanda zai zarge shi. Amma ya tashi ya gyara, ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Nan ne zan amsa wa ɗan'uwan da na san zai ce: Malam, ai wannan hanyar tana da haɗari, yaron da ya saba ganin kowace fatalwa mutum ce a cikin zane, gobe zai ce aljanun ma babu su, sihiri ma babu. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma na ga samarin da suka zame ta nan. Sai dai akwai abu biyu da muke cakuɗawa. Cewa akwai aljanu, akwai sihiri, akwai kambun baka, wannan labari ne da wahayi ya zo da shi, mun yi imani ba tare da mun gani ba. Amma cewa motsin da aka ji jiya a rufin ɗakin Hajiya aljani ne, ko ciwon Bintu kishiyar uwarta ce ta jefe ta, wannan ba wahayin da ya sauka a kansa. Da'awa ce kamar kowace da'awa, mai yin ta shi zai kawo hujja. Wanda ya ce a hau rufin a duba ko mage ce bai ƙaryata Suratul Jinni ba. Wanda kuwa ya kama sunan baiwar Allah ya liƙa mata sihiri ba dalili, shi ne ya taka Suratul Hujurat, wadda ta ce a bincika labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci, ta kuma ce a nisanci yawan zato. Wannan bambancin uba ne zai koya wa ɗansa da bakinsa, Scooby-Doo ba zai koya masa ba. Amma labarin bincike yana share fagen, labarin boka mai iko kuwa yana rushe shi.

Kuma wallahi abin ya wuce maganar nishaɗi. A 2023 mun ga yadda jita-jitar satar mazakuta ta mamaye Abuja da wasu garuruwa. Mutum ya gaisa da wani a tasha, ya kurma ihu, kafin ka ce kwabo an taru a kan bawan Allah da duwatsu, ba wanda ya tsaya ya ce a je asibiti a duba tukuna. Waɗannan masu jifan ba daga sama suka faɗo ba, da labarai aka raine su. Yarinya tana da farfaɗiya, cutar da ake shan magani a samu sauƙi, amma a shekara ana zane ta da sunan fitar da iska har ta faɗa wuta. Saurayi ya farka cikin dare ya kasa motsi, ya ji kamar an hau ƙirjinsa, mu ce dannau. Likitoci sun yi bayaninsa: a lokacin mafarki jiki yakan saki gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake mafarki, to wani lokaci hankali yakan riga jiki farkawa da ɗan lokaci kaɗan, musamman ga mai ƙarancin barci ko damuwa. Ya karanta Ayatul Kursiyyi, ya yi addu'ar barci, ya kuma gyara lokacin kwanciyarsa, babu karo a tsakani. Amma in an riga an cusa masa cewa turowa aka yi, washegari zai fara kallon gwaggonsa da wani ido.

Abin da ya maye gurbin tatsuniya a wayoyinmu yanzu ya fi duk waɗancan finafinan muni, don shi ba ya cewa "ga ta nan ga ta nanku". Murya ce a WhatsApp tana rantsuwa cewa a unguwarsu aka yi. Bidiyon ruƙiya ne a TikTok, an haska fuskar 'yar mutane tana birgima, ana tambayar aljani wa ya turo ka, ya kama suna, dubban mutane suna kallo. Ni ina yin ruƙiya, sunna ce tabbatacciya, amma ina tambayar 'yan'uwana masu wannan aiki: yaushe shaiɗan ya zama adalin shaida? Bukhari ya kawo ƙissar Abu Huraira da ɓarawon da ya yi ta zuwa dare uku yana ɗibar abincin zakka, a ƙarshe ya koya masa falalar Ayatul Kursiyyi. Da Manzon Allah (SAW) ya tabbatar da maganar, a tare ya gaya masa cewa mai faɗin nata maƙaryaci ne, gaskiyar wannan karon ce kawai. Abu Huraira yana da Annabi da zai tantance masa. Kai wa zai tantance maka? Aure nawa ne ya mutu, zumunci nawa ya yanke, a kan shaidar muryar da ko alƙalin ƙauye ba zai saurara ba?

Game da kewar da muke yi kuwa, ina zargin rabinta ba shirin muke kewa ba. Ka koma ka kalli wasu yanzu za ka ga dodon ma tsumma ne da garin alli. Abin da ya tafi shi ne yadda muke jin tsoron. Mu goma sha a gaban talabijin ɗaya ta gidan maƙwabci, an kai wurin da kowa ya ƙanƙame na kusa da shi, sai NEPA ta ɗauke wuta, a yi ihu, a fashe da dariya. Ko kana kwance a jikin kaka, Dodo yana bin yarinya a labari amma hannun kaka yana kan bayanka. Tsoro ne mai iyaka, da babba a kusa, da lokacin tashi. Yaron yau shi kaɗai ne cikin bargo da waya ƙarfe ɗayan dare, bidiyo yana ƙarewa wani yana farawa, ba mai ce masa ƙurunƙus.

Wani abu kuma da iyaye mata za su yi haƙuri in faɗa. Tsoratar da yaro don ya yi shiru, "ga dodo nan", "in ka fita mayya za ta kama ka", wannan ba tatsuniya ba ce, don so kike ya yarda. Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, wani ya ɗauke igiyarsa da wasa, ya farka a firgice, Manzon Allah (SAW) ya hana a firgita Musulmi. Babban mutum ke nan, a kan igiya. Ina ga ɗan shekara uku da duk abin da uwarsa ta faɗa gaskiya ne a wurinsa?

Ga masu tambaya me za su ba yaran: Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja har yanzu suna kasuwa, kamfanin NNPC na Zariya yana buga su. Ka fara karantawa kai da kanka, don akwai wuraren da ake yi wa makafi da kutare da wasu ƙabilu ba'a irin ta wancan zamanin, sai ka tsaya ka yi wa yaro bayani. Dare Dubu Da Ɗaya cikakkensa ba na yara ba ne, duk wanda ya karanta ya san dalili. Mai ɗa a Islamiyya da ya fara jin Larabci, in ya samu Al-Mugamirunal Khamsa ya saya masa, Larabcinsu mai sauƙi ne. Kuma in kuna karatu ko kallo tare, kafin a kai ƙarshe ka dakatar, ka tambaye shi wa yake zargi. In ya faɗa, ka ce masa to mene ne hujjarka, ka jira ya amsa.

Wallahu a'alam.